Na sayo injin, amma yara sun koma wa almakashinsu

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk kukansu ɗaya: mutum ya ga sabuwar dabara, ya yarda da ita har zuciyarsa, amma ta ƙi zama a wurin sana'arsa. Na ɗauki huɗu. Kamar kullum, na rage musu tsawo, na kuma cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da wurin haɗa takalman fata na maza a cikin birnin Kano, da ma'aikata 14. Bara na halarci wani horo na mako guda inda aka nuna mana yanka da inji: a ɗora ƙarfe mai siffar ɓangaren takalmi a kan fata, inji ya danna, ya fito cif. Aka ce mana ba ya ɓarnar fata kamar yankan hannu. Fili na sayar na sayi injin da ƙarafansa. Mako biyu aka yi ana aiki da shi, sai babban mayankina ya ce yana cinye gefen fata, kuma yana ɓata lokaci. Yanzu yana can lungu an rufe shi da buhu, kowa ya koma wa almakashinsa. Shin cutata aka yi a injin, ko kuwa yaran ne ba sa son ci gaba?
— Mai takalma, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai abu ɗaya da ba ka faɗa ba, kuma da kana gabana da shi zan fara: yaya kake biyan mayankan nan? In dai yadda aka saba ne a wurare irin naku, jinga ce, kowane dozin da kuɗinsa. To kafin ka zargi injin ko ka zargi yara, zauna ka yi lissafin da babban mayankinka ya gama yi a ransa tun kwana na uku.

A ce da almakashi yana fitar da dozin 10 a yini, don hannunsa ya saba, yana yanka yana hira. Ranar da ka tsayar da shi gaban inji ya koma ɗan koyo. Ya juya ƙarfe nan, ya juya can, ya ɗaga, ya sake ajiyewa, da ƙyar ya tashi da dozin 7. Kuɗin dozin 3 ɗin da suka salwanta daga cefanen gidansa suka fita. Fatar da aka yi tsimi kuwa, wadda dominta ka sayi injin, aljihunka take shiga. Kai ke cin riba, shi ke biyan kuɗin koyo. Kuma ba zai taɓa tsayawa gabanka ya ce injin nan na rage masa samu ba, kunya da gudun ɓacin ranka ba za su bar shi ba. Abin da bakinsa zai iya faɗa shi ne injin ba shi da kyau.

Wannan ba halin yaran Kano kaɗai ba ne. A garin Siyalkot na ƙasar Pakistan, inda ake ɗinkin hannu na ƙwallon ƙafa ana kaiwa ko'ina a duniya, wasu masana tattalin arziki sun yi wani gwaji da ya yi kama da labarinka sak. Ƙwallon da muka sani da gutsattsari 32 ake haɗa ta, 20 masu kusurwa shida, 12 masu kusurwa biyar, kuma duk da ƙarfe ake datso su daga shimfiɗar roba. Masanan suka ƙirƙiro sabon ƙarfen yanka da ke jera masu kusurwa biyar ɗin a matse, ta yadda robar da ake zubarwa za ta ragu. A 2012 suka raba shi ga masana'antu 35. Kyauta fa, ko sisi ba a karɓa ba. Bayan wata 15 suka duba, sai suka tarar 'yan tsiraru ne ke aiki da shi. Da aka tambayi masu masana'antun dalili, abin da suka fi ambata shi ne ma'aikata ba sa so. Mayankan can ma jinga suke yi, sabon ƙarfen kuma yana rage musu sauri a farko.

Sai masanan suka sake lale. A wasu masana'antun aka yi wa mayanki da mai buga tambari alƙawarin kuɗi dunƙule, kwatankwacin samunsu na wata guda, idan suka nuna a gaban maigida cewa sun iya aiki da sabon ƙarfen. Sai ga abin da aka ce ba ya aiki ya fara aiki, da dama cikin masana'antun da aka yi wa wannan tayi suka karɓe shi. A 2017 aka wallafa sakamakon.

Amma kada ka ɗauki wannan labari ka tafi kana ƙaryata mayankinka. Fata ba roba ba ce. Roba daga wannan gefe zuwa wancan kaurinta ɗaya, fata kuwa tana da tabo, da shaidar wuta, da inda wuƙar mai fiɗa ta zarce, kuma wajen ciki ya fi gadon baya laushi da miƙewa. Tsohon baduku da tafin hannu yake gane inda zai fitar da fuskar takalmi da inda sai dai maɗauri. Inji bai san wannan ba, mai jera ƙarfen ne zai sani. Sannan maganar cinye gefe tana iya zama gaskiya: in bakin ƙarfe ya dushe, ko allon da ake dannawa a kai ya yi rami, ko ba a saita ƙarfin dannawar daidai ba, tauna fata zai riƙa yi maimakon yanka. Ka kira wanda ya sayar maka ya turo mai gyara ya duba waɗannan uku a gaban mayankin, ba a bayan idonsa ba.

Bayan an gyara, ga abin da zan yi da ni ne. Ka ware fata 20 iri ɗaya, ka raba biyu, ka ɗora kowane kashi a sikeli ka rubuta nauyinsa. Kashi ɗaya a yanka da hannu, ɗayan da inji, samfurin takalmi ɗaya. A ƙirga takalmi ƙafa nawa kowanne ya bayar, a tara guntayen kowanne daban a auna, a kuma rubuta awa nawa kowanne ya ci. Ba ka buƙatar akanta, littafin ɗan makaranta ya isa. Kuma babban mayankin shi zai ja ragamar gwajin, shi zai karanta sikeli. Idan tsimin da ya fito bai kai ya biya kuɗin wuta da wasa ƙarafa ba, to ka samu amsarka, ka nemi mai saye tun injin bai yi tsatsa ba. Akwai dabarun da suke da kyau a masana'antar da ke yanka dozin 500 na samfuri ɗaya, amma ba sa biya a inda ake canza samfuri duk mako, tunda kowane sabon samfuri da kowace lamba sai an ƙera musu ƙarfensu. Masu ba da horo ba su cika faɗin wannan ba.

In kuwa gwajin ya nuna riba, sai maganar biya. Ka duba abin da kowane mayanki ya saba samu a mako, ka ce masa na tsawon wata guda wannan kuɗin nasa ne, ko dozin nawa ya fitar a inji. Daga nan ku yi yarjejeniya a kan tsimi: in fata 10 ta saba ba da ƙafa kaza, duk abin da ya ƙaru a kai yana da kaso a ciki. Kaso kaɗan ya isa, muddin dai yana ganinsa a hannu duk ranar biya.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya gyarawa. Girman babban mayankinka a wurin nan daga hannunsa yake. Shekaru ya yi kafin ya kai inda babu mai yanka kamarsa, sai ga inji da zai sa yaron da ya zo watanni uku da suka wuce ya fitar da yanka mai kyau irin nasa. Ba wanda zai yi murna da haka. Don haka ka damƙa masa injin baki ɗaya. Makullin akwatin ƙarafa a wurinsa, shi ke zaɓar fata ya jera, shi ke koya wa na ƙasa, kuma kowa ya ji daga bakinka cewa haka abin yake.

Ka kuma dubi abin da ke kewaye da injin. In da rana wuta take zuwa muku, yanka ya koma lokacin, sauran aikin hannu a yi shi da safe. In yanka ya yi sauri maɗinka ba su ƙaru ba, tulin yankakkiyar fata kawai za ka samu a ƙasa, jari a kwance.

Maganar cewa yara ba sa son ci gaba kuwa, ban yarda da ita ba. A 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta motoci da ke Fremont a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da rigima da fitar da motoci masu matsala. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, mafi yawan waɗanda aka ɗauka aiki kuma tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba sa gyaruwa. Sai dai kafin a fara, an kwashi ɗaruruwa daga cikinsu zuwa masana'antar Toyota ta Takaoka a Japan, suka yi makonni suna aiki a kan layi tare da takwarorinsu na can. Aka kuma ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya nemi a tsaya in ya ga kuskure, ba tare da an ci masa mutunci ba. Ba a daɗe ba motocin wurin suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk kamfanin. Da General Motors ya so ya kai tsarin sauran masana'antunsa ta hanyar tura manajoji su leƙa su dawo da bayani, shekaru ya yi yana fama. Alhaji, kai ne ka je horon nan na mako guda, alhali ba kai ke riƙe da fata ba. In akwai wani wurin da ke aiki da irin injin nan, a Kano ko a Aba, ka biya wa mayankinka kuɗin mota ya je ya yi kwana uku a can.

TAMBAYA: Malam, gaisuwa daga Maraɗi. Ni da yayana muke sayen wake da kaka mu ajiye zuwa bazara. Shekara da shekaru da magani muke ajiya, fiya-fiya ko ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu. Ni dai hankalina ya daina kwanciya, don abin da muke sayarwa shi mutane ke ci. Ina son mu koma wa buhun nan mai leda biyu a ciki, amma yayana ya ce tsada gare shi, kuma wai buhu ba ya kashe ƙwaro, dabarar masu sayarwa ce. Shi ne babba, jarinsa kuma ya fi nawa. Yaya zan shawo kansa?
— Hajiya mai wake, Maraɗi

AMSA: Hajiya, da baki kam ba za ki shawo kansa ba, kuma bai kamata ma ki gwada ba. Mutumin da zai zuba jarin shekara guda a cikin buhu yana da haƙƙin ya yi tababa. Su kansu waɗanda suka fito da buhun sun san haka, shi ya sa ba su tsaya ga talla a rediyo kawai ba.

Buhun da kike nufi shi ake kira PICS. Asalinsa binciken wani masanin ƙwari ne na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, tare da masu binciken noma na Kamaru a Marwa, tun ƙarshen shekarun 1980. Amma kusan shekara 20 ya yi bai yaɗu sosai ba, sai a 2007 aka fara yaɗa shi gadan-gadan a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. A Nijar cibiyar binciken noma ta ƙasar, INRAN, na cikin masu aikin, a Najeriya akwai IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, da hukumomin raya aikin gona na jihohi, aka kuma samu kamfani a Kano, Lela Agro, ya riƙa yin buhun. Hanyar da suka bi ita ce: malamin gona ya je ƙauye da kaka, mutane su kawo wakensu, a zuba a ɗaure a gaban kowa, a ajiye. Bayan watanni a tara jama'a a kwance buhun a bainar kowa. Dubban ƙauyuka aka yi wa haka. Gani ya kori ji.

Shi za ki yi a cikin ɗakin ajiyarku. Ki sayi buhu 5 ko 10 da kuɗinki, daga kasonki na waken bana, kada ki taɓa nasa. Ki roƙi Yaya ya tsaya a wurin ranar zubawa, ya ɗebi waken ya gani da idonsa cewa irin wanda ke sauran buhunan ne. In so samu ne shi zai ɗaure bakin na ƙarshe ya sa alamarsa. Ki ƙara buhu guda na gama-gari da ba a sa masa komai ba, a ajiye a gefe, don a ga abin da ƙwaro zai yi in an bar shi. Ba sai kin sake tada maganar ba har bazara.

Kan cewa buhu ba ya kashe ƙwaro, ga yadda abin yake. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na jiki, tsutsarsa na ciki. Ledojin biyu masu kauri suna hana iska shiga. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Na wajen, mai saƙa, kariya ce kawai da riƙo wajen ɗauka. Ma'ana duk sirrin a toshewar yake, kuma a nan mutane ke faɗuwa su ce buhu bai yi ba. Wake sai ya bushe ƙamas, an sheƙe shi babu tsinke ko tsakuwar da za ta huda leda. Kafin zubawa a hura kowace leda a matse a ji ko tana fitar da iska. A matse iskar saman, a murɗe bakin ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan na waje daban. Ɗauri uku, ba ɗaya ba. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ki kuma kula da na jabu masu siririyar leda, suna nan a kasuwa.

Wani abu da ya shafe ku 'yan kasuwa fiye da manomi: kun saba mai saye ya soka ƙarfe a jikin buhu ya zaro samfuri, 'yan dako kuma su jefo shi daga saman mota. Ko ɗaya buhun nan ba ya ɗauka. Don haka buhun ajiya ne, ba na tafiya ba. Ranar sayarwa a juye waken a buhun gama-gari, a ninke wannan a adana. Da haka ne yake kaiwa kaka uku, kuma da haka za ki yi wa Yaya lissafin tsadar: a raba kuɗin buhun gida uku, a cire kuɗin maganin da ake sakewa a tsakiyar ajiya, a cire ragin da mai saye ke yi muku in ya cika hannu ya ga huji. Sai dai kada ki yi masa alƙawarin za a ƙara muku kuɗi don wakenku ba magani. Mai ɗaukar tirela zuwa Dawanau bai cika tambayar wannan ba. Masu abinci da matan gida da suka san ki su ne za su fara kula. Damuwarki kuma ba ta banza ba ce, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka tarar a jikinsa, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya.

Kada kuma ki yi mamaki in bayan ya ga sakamako ya ce a gwada buhu 30 kawai baɗi. Haka ɗan Adam yake. A 1943 wasu masana biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, sun wallafa binciken yadda manoma 259 a jihar Iowa ta Amurka suka karɓi sabon irin masara. Yawancinsu daga bakin dillalan iri suka fara jin labari, amma maƙwabci ne ya sa suka shuka, bayan shekaru da fara ji, kuma a ɗan gefen gona suka soma. Ranar kwance buhu, ki bar Yaya ya gayyato abokansa biyu na kasuwa, shi ya kwance, shi ya yi musu bayani. In ya fara cewa dama shi ya ce a gwada, ki yi shiru abinki.

TAMBAYA: Malam, na gama jami'a na dawo shagon mahaifina a Kantin Kwari, muna sarin atamfa da shadda. Komai a kansa yake da wani tsohon littafi. Na ce mu sa kwamfuta mu riƙa shigar da kaya da bashi, ya ce shekara 30 yana kasuwa ba kwamfuta kuma bai karye ba. Ni ina ganin ana tafiya an bar mu.
— Ɗan kasuwa, Kwari

AMSA: Ɗana, Alhaji bai faɗi ƙarya ba, bai karye ba. Kuma kada ka ɗauka tsoron sabon abu yake yi. Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardun naira suka ɓace daga hannun mutane. Cikin 'yan makonni dattawan da suka rantse ba za su taɓa sayar da kaya ba tare da sun ƙirga kuɗi ba suka koma karɓar transfa, har mai shayi da mai nama. Ba wanda ya shirya musu taron bita. Sun ga ciniki na wucewa ne.

Kai kuwa me ka nuna masa yana wucewa? Kwamfuta ka kawo masa, ba ka kawo masa matsalar da za ta warware ba. Sannan ka yi tunanin abin da ke cikin tsohon littafin nan: wane ne ake bi bashi, nawa, tun yaushe, wane ne aka yi wa sassauci saboda mutunci. Sirrin mutane ne da aka ba shi amana. Kana ce masa a zuba shi a na'urar da bai iya buɗewa ba amma yaran shago sun iya. Ni ma da na ƙi.

Ka bar bashi tukuna. Ɗauki abu ɗaya da ba sirri ba ne: kayan da suka kwanta. Ka bi sito da littafinka ko wayarka, ka rubuta kowane zane, turmi nawa ya rage, yaushe ya shigo. Ka yi wata biyu kana bi ba tare da ka ce komai ba. Sannan wata rana bayan la'asar, in shago ya lafa, ka ce Baba, ga zane kaza da kaza da suka wuce wata huɗu ba a taɓa ba, kuɗinsu ya kai kaza, ga kuma guda uku da ke ƙarewa kafin mako ya zagayo. Mai yiwuwa ya san rabi, amma jimillar kuɗin da ke kwance ba lallai ya taɓa ganinta wuri ɗaya ba. In ya sake tambayarka bayan wata guda, to ƙofa ta buɗe.

An taɓa gwada irin wannan a manyan masaƙu kusa da Mumbai a Indiya, aka wallafa a 2013. An tura masu ba da shawara suka koya wa wasu masaƙun dabarun gudanarwa 38, da yawansu abubuwa ne masu sauƙi: rubuta aibin da aka gani a yadi kullum a zauna a kansa, jera zare a sito da alama, share hanyar da ke tsakanin injuna, duba inji kafin ya lalace. Cikin shekarar farko abin da suke samarwa, in an auna shi da ma'aikata da jarin da suka zuba, ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Da aka binciki abin da ya hana masu masaƙun yin haka tun da, wasu dabarun ba su taɓa ji ba, waɗanda suka ji kuma sun ɗauka ba za su biya a wurinsu ba, tunda dai suna cin riba. Kusan maganar Alhaji ce. An kuma lura ba sa miƙa ragama sai ga ɗa ko ɗan'uwa. Wannan gatan kana da shi, kada ka ɓata shi da nuna masa ka fi shi sani a gaban yaran shago.

TAMBAYA: Malam, ina sana'ar haɗa wutar sola. Sau biyu ina biyan kuɗi a koya wa yarona sabon aiki, da ya iya sai ya tafi ya buɗe nasa, har da kwastomomina. Yanzu na ce ba zan ƙara tura kowa ba.
— Mai sola, Katsina

AMSA: Malam, na ji zafin abin, amma hukuncin da ka yanke kai zai fi cuta. A sana'arka inbata da batir canzawa suke yi kusan duk shekara, wanda ya saba da batir mai ruwa yanzu na litiyam ake kiransa ya haɗa. Yaron da bai koya ba zai zauna tare da kai, ya ƙona wa mutane kaya da sunanka.

Tafiya kuwa dole wasu za su tafi, kai ma wani ne ya yaye ka. Abin da za ka hana shi ne ilimin ya tafi tare da su. Daga yau kada ka tura mutum ɗaya, tura biyu, ko ka bi ɗayan da kanka. Duk wanda ya dawo, a makon farko ya koya wa sauran a kan aikin gaske, wani ya ɗauki bidiyo da waya, a rubuta matakan a takarda a liƙa a bangon shago. Lambobin kwastomomi su zauna a layin shago, ba a wayar yaro ba. Wanda ya ƙware kuma ka ba shi kaso a kowane aikin da ya ja gaba, don mafi yawan masu tafiyar nan sun duba ne sun ga iyawarsu ta ƙaru, samunsu na nan yadda yake. In ya nace sai ya tafi, ku rabu da mutunci, gobe a wurinka zai riƙa sarin faranti da waya.

Kafin ka biya kuɗin horo na gaba, ku zauna da shi da mahaifinsa ko wani babba nasa, a rubuta: nawa ka kashe, wata nawa zai yi maka aiki bayan ya dawo, nawa zai mayar in ya tafi kafin lokacin. Kada wa'adin ya yi tsawon da zai zama zalunci, shekara guda zuwa ɗaya da rabi ta isa. Shaidu biyu su sa hannu, ka ba shi kwafi ɗaya, ka riƙe ɗaya.